Mazan jiya da ba su da wurin kwana a Bauchi: mu fara rabo ko mu fara tambaya?

Ɗan_Jahun:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. A ƙungiyarmu ta unguwa mun ɗan tara kuɗi, aka kawo maganar a sayi barguna da shinkafa a raba wa tsofaffin sojojin da ba su da wurin kwana kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Ni na ce a dakata tukuna. Da na tambaya su nawa ne, ba wanda ya iya faɗa. Ina suke kwana? Sai a ce ai an san su. Me ya fi damunsu? Aka ce mabuƙaci ba ya ƙin shinkafa. To ni gani nake gara mu fara zagayawa mu ji daga bakinsu, sannan mu san inda za mu sa kuɗin. Wasu na ganin ɓata lokaci ne, ga sanyi ya kama. Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan aiki? Me ake tambaya, kuma wa ya dace ya yi tambayar?

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam. Ni tambayata ma, wai akwai su kuwa? Soja ai fanshonsa na shiga duk wata. Tun 2011 aka cire su daga tsarin adashen gata, gwamnatin tarayya ke biyansu kai tsaye. Ku je ku ga malaman firamare da suka yi ritaya, can ne kuka yake.

Samanja_Mai_Ritaya:
Malam Abu_Safwan, maganar 2011 gaskiya ce, amma ka haɗa mu duka a buhu ɗaya. Bari in rarraba maka.

Akwai wanda ya cika shekarunsa, ya fita da takardar sallama a hannu, sunansa na cikin jerin hukumar fansho ta soja da ke Abuja. Irina ke nan, alhamdulillahi. Ko a cikinmu ma akwai wanda ya shekara 35 yana zaune a ɗakin bariki, ba ya biyan haya, bai taɓa tunanin fili ba. Ranar da ya miƙa makulli ya fito da mata da 'ya'ya, garatuti ya shigo a dunƙule, 'yan'uwa suka taso, wani ya ce a sayi motar haya, motar ta mutu a hanyar Jos, shi ke nan. Fansho na shiga, amma bashi ya riga ya cinye shi tun kafin wata ya kama.

Akwai wanda ya cancanci fansho amma an dakatar, don tantancewa ta wuce shi yana kwance ba lafiya, ko sunan da ke banki bai yi daidai da na takardar aiki ba. Harafi ɗaya kan tsayar da kuɗin mutum.

Sai wanda aka kora. Wannan ba fansho, ba garatuti, ba katin asibiti. Lokacin da yaƙin Boko Haram ya yi zafi a 2014 an kori da yawa, an mayar da sama da 3,000 bakin aiki a 2015, amma ba kowa ba. Shi wannan ko gaisuwa a gaban tsofaffin abokan aiki kunya take ba shi.

To ku faɗa min, bargo ɗaya zai yi wa waɗannan mutum uku magani ɗaya?

Abu_Safwan:
Na ji, Yallaɓai, Allah ya ƙara girma. Amma har yanzu ban taɓa ganin tsohon soja kwance a gefen titi a Bauchi ba.

Maman_Ilham:
Ba za ka gani a titi ba Malam, don ba a titin suke ba. Kusa da gidanmu a Fadaman Mada akwai wani kango da mai shi ya tsaya da gini a linta. Wani dattijo ne ke gadinsa. Ya kafa langa-langa a kusurwa ɗaya, ya toshe taga da buhun siminti, ga tabarma, ga buta, ga ƙaramar rediyo da ya ɗaure da roba. Da asuba za ka ga ya share wurin tas, ya ninke bargonsa kusurwa huɗu cif kamar an sa magwaji, takalminsa na roba ma a jere. Maigidana ne ya lura da ninkin, ya ce wannan soja ne. Da aka saba, ashe ya yi Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Yammacin Afirka. Takardunsa na cikin leda a cikin wata leda, a ƙarƙashin matashin kai. Idan ka tambaye shi ina gidanka zai ce ga shi nan. Ranar da mai kango ya samu kuɗin rufi kuwa, sai dai wani kangon. Bargo yana da shi. Abin da na ji yana yawan ambata ido ne, na hagun ya yi fari, na dama ma ya fara.

Ɗan_Jahun:
Hajiya Maman_Ilham, Allah ya saka da alheri. Wannan shi ne abin da nake ta ƙoƙarin faɗa a wurin zamanmu na kasa.

Bauchi_a_Amurka:
Bari in faɗi yadda ake yi a nan Amurka, ko za a tsinci wani abu. Duk ƙarshen Janairu akan ware dare ɗaya, 'yan sa-kai su bazu cikin gari, su ƙirga duk wanda ke kwana a waje ko a gidajen kwanan marasa galihu, a tambaye shi ko ya taɓa aikin soja. A 2010 an samu tsofaffin sojoji kusan 74,000 a wannan hali, zuwa 2024 sun dawo kusan 33,000. Bayan ƙirgar kuma, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji na da wani bincike da suke kira CHALENG tun 1994. Abin da ya burge ni da shi, ɓangare biyu ake tambaya: su tsofaffin sojojin, da ma'aikatan da ke yi musu hidima, kowa ya faɗi buƙatar da aka biya da wadda ba a biya ba. Shekara da shekaru, cikin abin da ke fitowa a sahun gaba na wanda ba a biya ba akwai taimakon lauya: hana a kore su daga gidan haya, rikicin kuɗin ciyar da 'ya'ya, dawo da lasisin tuƙi, tarar kotu da ta taru. Abinci da ganin likita kuwa sukan faɗo cikin wanda aka fi samu. Da ba a tambaya ba, da kowa abinci zai yi ta kaiwa.

Gwani_Wunti:
Ɗan'uwa na Amurka, sannu da ƙoƙari, amma ƙirgar dare ɗaya ba za ta yi a nan ba. Ka fita ƙarfe biyun dare da tocila kana leƙa rumfunan Wunti da Muda Lawal kana tashin mutane, wallahi 'yan sintiri ne za su fara kama ka. Kuma a can mutum ko yana da gida ko yana titi. Mu a nan akwai mai kwana a zauren wani, mai kwana a shago bayan an rufe, mai kwana a harabar masallaci ko coci, mai kwana a benci a tasha, mai ɗakin gadi. Duk ba mai gida a cikinsu, amma ba wanda zai yarda a kira shi marar gida. Hanyarmu ita ce mai unguwa, liman, fasto, sarkin tasha, da mai shayi. Mai shayi musamman. Shi ya san wanda ke zuwa da sassafe da ƙurar siminti a baya, shi ya san wanda ke cin biredi bashi.

Bauchi_a_Amurka:
Na yarda da maganar dare. Abin da nake so a ɗauka shi ne tambayar ɓangare biyu, a ga inda tunaninmu ya bambanta da nasu.

Nas_Rahila:
Ina aikin jinya, kuma mahaifina soja ne, a bariki na tashi. Roƙona, duk takardar da za ku tsara kada ku sa tambaya irin "kana da taɓin hankali?" Ba wanda zai ce e, kuma daga nan hira ta ƙare. Ku tambayi barci. Baba kana samun barci? Sau nawa kake farkawa? Ƙarar tayar mota ko knockout na yara lokacin biki na tayar maka da hankali? Me kake sha in barci ya ƙi? Daga nan ne maganar ƙwaya ko giya za ta fito da kanta, ba tare da an ci masa fuska ba. Da yawa ba talauci ne ya fara raba su da gida ba. Mutum ya dawo daga daji ba ya iya zama da hayaniyar yara, abu kaɗan ya hau duka, matar ta tafi gidansu, 'yan'uwa suka gaji suka ce aljanu ne. In kun ba irin wannan ɗaki ba tare da magani ba, zai bar ɗakin. Akwai sashen masu larurar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a nan Bauchi, akwai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna. Ku san inda za ku tura mutum kafin ku buɗe masa wannan ƙofar.

Sannan ku sa hawan jini, suga, ido, ji, da tsohon rauni. Waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya rage a raye yanzu ya haura saba'in. Buƙatarsa daban da ta yaron da ya bar aiki yana ɗan talatin da wani abu.

Talaka_Bawan_Allah:
Ni dai abin da ke ba ni haushi, duk 15 ga Janairu a fito a ajiye furanni, a saki tantabaru, a sayar da ɗan bajen nan na maƙalawa a ƙirji, manya su yi alkawarin miliyoyi a gaban kyamara. Washegari shiru. Su kuma tsofaffin kana ganinsu a talabijin sun shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Me ya sa mu talakawa za mu ɗauki nauyin da yake na gwamnati?

Abu_Safwan:
Ka faɗi gaskiya. Wannan ƙasa sai addu'a.

Kwamared_Yelwa:
Duk gwamnatocin haka suke, na da da na yanzu, kada wani ya zo ya ce mana jam'iyya kaza ta fi.

Admin_Baba_Ƙarami:
Jama'a don Allah. Maganar jam'iyya a kai ta wani zauren. Ɗan_Jahun tambaya ya yi a kan yadda za a gano buƙatun mutane, mu tsaya a nan.

Auta_Shadawanka:
Ina so in ƙara wani rukuni da Baba Samanja bai ambata ba. Matan da mazansu suka rasu a bakin aiki. Mu da mahaifinmu ya rasu, bayan ɗan lokaci aka ce a bar ɗakin bariki, don wani ne zai shiga. Mahaifiyarmu ba 'yar garin nan ba ce, dangin baba kuma sun karɓi abin da suka karɓa. Wata mata mai sayar da abinci a mami, wato kasuwar bariki, ce ta ba mu ɗaki ɗaya a bayan gidanta. In kuna neman "tsohon soja" kawai, irinmu ba za mu shiga takardarku ba.

Samanja_Mai_Ritaya:
'Yata, kin yi gaskiya, Allah ya jiƙan mahaifinki. A sa su. Kuma mace ce za ta tambaye su, ba namiji ba.

Ɗan_Jahun:
To ga wata matsalar. Da zarar an ji ana rubuta sunaye, kowa zai zama tsohon soja. Yaya za mu tantance ba tare da mun wulaƙanta mutum ba?

Samanja_Mai_Ritaya:
Wannan mai sauƙi ne in kun tafi da ɗayanmu. Soja zai manta ranar haihuwarsa amma ba zai manta lambarsa ba, ko cikin barci ka tashe shi zai karanto maka. Sai a tambaye shi yaushe ya shiga defon horar da sojoji a Zariya, wace bataliya, wa ke riƙe da ita a lokacin. Minti biyu sun isa. Ba ma sai an yi kamar bincike ba, hira ce. Kuma zai faɗa min abin da ba zai faɗa wa ɗan jami'a mai riƙe da biro ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowa yake nuna wa ba.

Ku je ofishin Nigerian Legion na jiha ku gaishe su kafin ku fara. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ce tun 1964, suna da rassa a ƙananan hukumomi, sun san mutanensu. Sai dai ku sani, wanda aka kora da wanda ya ɓoye kansa ba lallai ya kasance a rajistarsu ba. Jerinsu mafari ne kawai.

Abu ɗaya kuma da babbar murya: kada ku karɓi takardar asali ta kowa. Ko hoto za ku ɗauka, sai da izininsa. Kada ku tambayi lambar BVN ko ta asusun banki. An sha cutar tsofaffi da sunan za a gyara musu fansho, a karɓi takardu da kuɗin mota, a ɓace. In kuka zo da irin wannan salon za su rufe baki.

Barista_Hauwa:
Ina goyon bayan Baba Samanja kan takardu, kuma ina tare da na Amurka kan maganar lauya. Mafi yawan abin da ke zuwa gabana ba shari'a ba ce ta kai da kawo. Rantsuwar kotu ce kan bambancin suna, gyaran NIN, takardar magaji ga matar mamaci, ko mai gida ya watsa kayan mutum waje ba tare da notis ba. Abubuwan da za a gama cikin 'yan makonni in an samu mai bin sawu. Mutum ɗaya da aka dawo masa da fanshonsa ya fita daga jerinku gaba ɗaya, zai kama hayar kansa. Ku sa tambaya: akwai kuɗin da kake ganin haƙƙinka ne amma ba ya zuwa? Me aka ce maka ya hana? Ku kuma tambaya ko yana da rajistar inshorar lafiya ta sojoji, wato DHML, don ta shafi waɗanda suka yi ritaya ma. In an tattara irin waɗannan, zan iya ba da Asabar ɗaya a wata kyauta.

Kurtun_Jiya:
Ni ban yarda a sa waɗanda aka kora ba. Wasu gudu suka yi suka bar 'yan'uwansu a daji. Kuɗin jama'a ne, a ba wanda ya yi aiki da amana.

Nas_Rahila:
Malam Kurtun_Jiya, ƙungiyar unguwa ba kotun soja ba ce. An riga an hukunta shi. Yanzu maƙwabci ne da ke kwana a tasha.

Kurtun_Jiya:
Sista, ke ba ki je ba. Ni na je.

Samanja_Mai_Ritaya:
Ƙanena, na san abin da ke cinka, ba zan ce ka manta ba. Amma ni ma na ga waɗanda aka kora da ba gudu suka yi ba. Ni shawarata a rubuta kowa, a nuna rukuninsa. Ranar rabo sai ƙungiya ta yanke. Ƙin rubuta mutum ba ya hana shi kwana a unguwarku.

Kurtun_Jiya:
Rubutawa ban ƙi ba, Oga. Rabon ne.

Jauro_Gombe:
Daga Gombe nake bin ku. Mun taɓa yin makamancin wannan, ba na sojoji ba, na tsofaffin da ke kwana a tashoshi. Abin da ya ba mu wahala shi ne bayan tambayar. Ka zauna da dattijo ya buɗe maka cikinsa, ya faɗa maka abin da ko 'ya'yansa ba su sani ba, ka rubuta ka tafi. Duk ranar da ya hango ka sai ya miƙe, yana zaton ka zo da amsa. Mu kuwa kuɗinmu bai kai ko'ina ba. Har na koma canza hanya. Don haka ku faɗa musu tun farko abin da kuke da shi da abin da ba ku da shi. Kuma kada ku ce za ku yi ƙananan hukumomi 20 na Bauchi. Ku ɗauki unguwa biyu ko uku.

Abu_Safwan:
To kun gani. Ni a ganina gara a raba bargon kawai. Kafin ku gama tsara takarda da gaishe-gaishen ofis, hunturu ya wuce, mutum ya sha sanyinsa.

Maman_Ilham:
Ai ba sai an zaɓi ɗaya ba. Wa ke zuwa gaishe da dattijo hannu rabbana? Ku sayi kaɗan ku riƙa, ku ajiye sauran kuɗin sai kun ji.

Gwani_Wunti:
Hajiya, in aka ga kaya a hannunku layi zai tashi, kuma duk wanda kuka tambaya me kake buƙata zai ce bargo, don shi ya gani. Goro da kuɗin shayi sun isa.

Ɗan_Jahun:
Na kwashe duk abin da aka faɗa. Ga yadda takardar ke neman zama, shafi ɗaya: ina ka kwana jiya, wurin na wa ne, za a iya tashinka; yaushe rabonka da ɗakin kanka kuma me ya raba ku; yadda ka bar aiki da takardun da ke hannunka; kuɗin da ke shigowa da wanda ya tsaya; lafiya da barci kamar yadda Sista Rahila ta tsara; iyali suna ina, akwai wanda kake so a nemo maka; sana'ar da ka iya. Ta ƙarshe, in abu ɗaya za a yi maka a watan nan, mene ne. Mu ma 'yan ƙungiya kowa zai rubuta abin da yake zaton za su ce kafin mu fita, mu gwada daga baya.

Samanja_Mai_Ritaya:
Maganar sana'a ka faɗaɗa ta. Wasunmu sun yi kwas a cibiyar koyar da sana'a ta Oshodi a Legas kafin ritaya, walda, kiwon kaji, gyaran mota, amma ba jari ba kayan aiki. Wasu direbobin manyan motoci ne, lasisi ne kawai ya mutu. Kada ku ɗauka gadi kaɗai muka iya. Kuma tambayar iyali ku bar ta can ƙarshe, ita ce mai zafi.

Barista_Hauwa:
Wa zai riƙe takardun bayan an cike? Kada a ɗora sunaye ko hotunan mutane a WhatsApp ko Facebook da sunan neman taimako. Lamba za a sa a kan takarda, sunayen su zauna a littafi ɗaya wurin mutum ɗaya.

Talaka_Bawan_Allah:
Ni har yanzu ina nan a kan bakana, aikin gwamnati ne. Amma in kun gama ku buga adadin, ban da sunaye, a kai wa 'yan majalisarmu da masu rabon zakka, a ga abin da za su ce.

Kurtun_Jiya:
Ba a ba ni amsa kan rabo ba.

Ɗan_Jahun:
Ba a yanke ba, Yallaɓai, sai zaman ranar Lahadi bayan la'asar, kuma muna so ka zo ka faɗa da bakinka. Baba Samanja, za ka samu raka mu wurin mai unguwa ranar Asabar? Akwai mashin.

Samanja_Mai_Ritaya:
Gwiwata ba ta son mashin. Ku nemo Keke Napep, kuma ku zo bayan ƙarfe tara, kafin nan ina asibiti karɓar magani.

Abu_Safwan:
Ni dai in an tashi sayen bargon a kira ni, na san mai bayarwa da sauƙi a kasuwar Central.